Takun Wa Za A Ƙirga?

An yi wani ƙauyen dabbobi, Gangaren Marke, da suka sha wuya kafin su samu rijiya ɗaya tal. Gafiya ce ta haƙa, don babu wanda ya san cikin ƙasa kamarta. Ranar da ruwa ya fito ta kafa doka: duk mai haƙa salga sai ya ƙirga taku talatin daga bakin rijiya.

Shi kuwa Bunsuru girman kai gare shi. Wai babba kamarsa ba zai riƙa doguwar tafiya don zagayawa ba. Sai ya sa Hawainiya ta ƙirga masa. Ta yi taku talatin cif, ko inda ake ajiye guga ba ta wuce ba. Nan ya haƙa.

Gafiya ta zo a guje. "Baba Bunsuru, me nake gani haka?"

"Salga. Ba ki taɓa gani ba ne?"

"Ƙasar nan yashi ce fa. Ƙazanta za ta bi ta ƙasa ta shiga ruwanmu."

"Talatin kika ce, talatin aka ƙirga. Kin ce takun wa? Ke mai kwana a rami za ki koya mini tsabta?"

Damina ta sauka. Gafiya ta shiga ƙarƙashin ƙasa ta duba, ta fito jikinta na wari. Ta ce kowa ya daina shan ruwan sai an tafasa.

Bunsuru ya ja guga a gaban jama'a. "Ku duba, garau yake." Ya sha, ya miƙa wa 'yarsa ƙarama, ita ma ta sha.

Kwana biyu sai amai da gudawa. 'Yar ta kasa tsayuwa, idonta ya faɗa. Bunsuru ya saɓo ta har bakin ramin Gafiya.

"Malama Gafiya, don Allah."

"Yau ni ce Malama? Kwantar da ita nan."

Ta yi ta ɗura mata tafasasshen ruwa da gishiri da sukari. Sai la'asar 'yar ta buɗe ido.

Bunsuru da kansa ya cike salgar, shi ya yashe rijiyar. Da zai haƙa sabuwa ya tambaya a hankali, "Wa zai ƙirga?"

Gafiya ta ce, "A kira Raƙumi."

Darasin labarin nan dai shi ne, za ka iya yi wa doka wayo, amma ruwa bai san wayo ba. Abin da ka zuba kusa da rijiya, har gidanka zai biyo ka a cikin guga.