Jaruman Bakin Akushi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An yi wani Sarkin Ruwa, shugaban masunta, sunansa Barmo, mutum mai sakin hannu. Yana da barade uku: Dangwale, Tanimu da Makau. Jarumai ne na gaske, musamman a gaban akushi. Kullum aka sauke tuwo da kan kifi, sai su ɗaga loma su rantse: "Sarki, in ka nutse mu nutse! In kada ya ci ka, ya haɗa da mu!" Barmo ya ji daɗi, ya ce a ƙara musu miya.

Yana kuma da tsohon kare, Ƙyale-su. Shi bai iya rantsuwa ba, saboda haka ƙayar kifi ce rabonsa.

Ranar su, wato babban kamun kifi, ta zo. A al'adarsu, ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya hau gorarsa ya fara shiga gulbi shi kaɗai. Barmo ya kai tsakiyar gulbi ke nan, sai kada ya yi caraf da ƙafarsa.

"Wayyo, Dangwale!"

"Ranka ya daɗe, layata ba ta son ruwa."

"Tanimu!"

"Riƙe shi da kyau, Sarki, bari in ɗauko mashi a gida."

"Makau!"

Makau yana can ƙololuwar giginya. Ya ce, "Daga nan na fi ganinsa, Sarki. Kai, ƙato ne!"

Oh ni, jarumta!

Sai Barmo ya ji tsundum. Ƙyale-su ne. Ya zo ya kafa wa kada haƙori a ido. Kada ya saki ƙafa, ya juyo ya ce, "Kai kare, me mutumin nan yake ba ka?"

"Ƙaya."

"A kan ƙaya za ka mutu?"

"Ƙayar ma shi ya ba ni. Sarki, yi tudu!"

Barmo ya ja jiki ya fita. Ya waiwaya, ya ga ruwa ya yi ja, ya kwanta, babu Ƙyale-su. Ya zauna ya yi kuka har da majina, don baƙin ciki da kunya.

Da yamma sai ga barade sun wanke hannu, suna ta barka da arziki. Barmo ya sa aka ɗaure akushin a kan gora, aka tura shi daidai inda karen ya nutse. Ya ce, "Daga yau can ake cin tuwona. Bismillanku, jarumai."

Dangwale ya shafa layarsa. Tanimu ya tuna da mashi. Makau ya dubi giginya.

To yara, mai rantsuwa da loma a baki, tuwo yake wa biyayya. Ka san naka ranar da ruwa ya kai maka wuya.

Ƙurunƙus kan kada! Wanda ya ce ƙarya nake, akushin yana can tsakiyar gulbi, ya je ya ɗauko.