Takobin Kara a Dandalin Cadawa

Akwai waɗanda ke sarar mutum ta baya su ce gyara suke yi. Sun san kansu, ba sai na kama suna ba. Su matso su ji.

Akwai wani tela a Cadawa, Safiyanu, ɗan ƙungiyar wasan kwaikwayo. Tsoho, shugaban ƙungiyar, shi ya koya masa wasa tun bai iya ɗaga murya gaban jama'a ba.

Suna da wani tsohon wasa da suke yi bayan girbi: sarki ya so haɗiye garuruwan maƙwabta, sai amininsa Galadima ya soke shi. Tsoho ne sarki, Safiyanu ne Galadima, takobin kuwa na karan dawa ne. Duk ran da aka yi shi sai ƴan kallo su rabu biyu. Wasu su ce Galadima ya ceci ƙasa, wasu su ce maci amana ne.

To, rawanin wasa fa ya hau wa Tsoho kai. Ba mai yin sarki sai shi, ba mai kawo shawara. Har ya fara zancen zuwa meri, ofishin magajin gari, a rubuta ƙungiyar da sunansa. Matasa suka soma zamewa.

Abdulhadi mai kiɗan ƙungiyar ya samu Safiyanu a shago.

"Ran kasuwa in ka soke shi ya faɗi, za mu tuɓe masa rawani gaban jama'a, mu ce mun sauke shi da gaske. Kai dai soka, sauran namu ne."

"Mutumin da ya koya mini tsayuwa?"

"Ƙungiya kake so ko mutum guda?"

Safiyanu ya auna lamarin. In ya ƙi, ƙungiya ta watse. In ya yarda, ya kunyata malaminsa a bainar jama'a. Ya ture keken ɗinki, ya nufi gona inda Tsoho ke ɗaurin dami.

"Baba Tsoho, an shirya sauke ka ran kasuwa, kuma da hannuna. Ba zan faɗi sunan masu shirin ba. Amma gaskiya ce da su: ka danne kowa."

Tsoho ya yar da igiya. "Kai? Ɗan jiya? Ni na sa maka magana a baki!"

"Ita ce nake amfani da ita yanzu, Baba."

"Fice mini daga gona!"

Ran kasuwa dandali ya cika, har daga Gangara an zo. Wasa ya kai wurin suka. Safiyanu ya ɗaga kara.

Sai sarki ya ce abin da babu a wasan: "Dakata, Galadima."

Ya warware rawanin da kansa, ya aje kan tabarma.

Wata mai ƙosai ta ɗaga murya: "A'a! Yau ba za a kashe shi ba? Na bar kaskona a wuta don wannan!"

Aka bushe da dariya. Tsoho bai yi ba.

"Jama'a, shekara da shekaru ina mutuwa a nan, ban taɓa tambayar abin da ya sa ake kashe ni ba. Yaron nan ya iske ni har gona ya gaya mini ido da ido. Na kore shi, ya kuma yi gaskiya. Ga rawani, ƙungiya ta zaɓi wanda take so."

Ya juya ga Safiyanu. "Ka rufa mini asiri. Allah ya rufa naka."

Abdulhadi ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗauki ganga, ya buga taken Tsoho.

Darasi: Kafin ka ce don jama'a ka kayar da mutum, tambayi kanka ko ka taɓa zuwa gabansa ka faɗa masa laifinsa. In ba ka je ba, kada ka kira shi kishi, cin amana ne. Ku tura wa ƴan'uwa, wanda kuma ya ce ƙarya nake, ya fito ya musa.