Karara a Rigar Malam Maikano

Ranar Asabar ce, goma sha huɗu ga watan Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, aka zubar wa Malam Maikano mutunci a garin Tudun Faru. Ku riƙe ranar, ku riƙe lokacin, domin shi ya riƙe su, kuma ba ya son a yi masa ƙari ko ragi.

Malam Maikano tsohon hedimasta ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da alli, kuma a duk shekarun nan bai taɓa barin yara biyu sun zo na ɗaya tare ba. In makinsu ya zo daidai, sai ya duba kyan rubutu. In rubutun ma ya zo daidai, sai ya duba farce. Da ya yi ritaya ya koma wa lambunsa na bayan gari, mai bishiyar lemo ashirin da bakwai da rijiya guda.

A jikin shingen lambun nan karara ta fito ta yaɗu. Ga wanda bai san ta ba, tsiro ce mai yaɗo kamar wake, 'ya'yanta lulluɓe da wani jan gashi mai laushi a ido. In damina ta ɗauke suka bushe, taɓawa kaɗan ke kaɗe gashin, kuma wanda ya hau jikinsa ba ya bukatar a gaya masa. Matar Malam, Inna Yalwa, ta yi magana har ta gaji a kan a sare ta. Malam ya ce a bar ta, maigadi ce da ba ta gyangyaɗi.

To, a wannan Asabar ɗin makarantar firamare ta garin ta cika shekara hamsin, aka gayyaci Malam ya zama babban mai jawabi. Ya rubuta shafi goma sha ɗaya. Ya ɗauko babbar rigarsa shuɗiya mai aska takwas, wadda marigayi yayansa ya bar masa, ya saka. A hanya ya tuna an ce masa awaki sun huda shinge, ya ratse ya duba, ya sunkuya ya gyara wata ƙaya, ya wuce abinsa. Bai lura hannun rigar da wuyanta sun shafi komai ba.

Fili ya cika. Ga wakilin hakimi, ga iyayen yara maza da mata, ga tsofaffin ɗalibai da suka zo daga nesa. Malam ya kama lasifika ya fara. A shafi na ɗaya lafiya lau. A shafi na biyu, daidai inda yake bayani a kan natsuwa, ya ji wani abu ya tsikare shi a ƙeya. Ya daure, domin mai jawabi ba ya susa. A shafi na uku abin ya gangara baya, ya zagayo hammata, ya hau ƙirji kamar an watsa masa garwashi. Kafaɗarsa ta fara rawa da kanta. Takardu suka zube.

Daga nan Malam bai ƙara sanin gabas da yamma ba, mutanen wurin ma haka. Wani ya ce kunama ce. Wata ta ce hawan jini ne, a kwantar da shi. Wata tsohuwa ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Yaran aji ɗaya, da suka ga tsoho yana tsalle yana murɗa jiki, suka ɗauka cikin shirin bikin ne, suka kama tafi. Shi kuwa Malam ya manta lasifika na bakinsa, ya kwarma ihun da aka ji har tasha: "Wayyo Allah! Duk wanda ya raba ni da wannan bala'i, na ba shi lambuna!"

Mutum uku suka taso, dukkansu tsofaffin ɗalibansa.

Na farko Ilu mahauci ne, wanda ya kafa tukubar tsire a gefen fili. Ilu ya san karara tun yana aji huɗu, kuma Malam ya san a wane shinge ya san ta. Yana hango jan gashin nan a wuyan rigar ya gane. Ya kuma san in aka cire rigar ta ka, duk abin da ke jikinta a fuska zai zube. Bai tsaya neman izini ba. Ya zaro wuƙarsa ta fawa, ya kama rigar daga wuya ya tsarge ta har ƙasa, ya bi ta ciki ma ya tsarge, ya yar gefe. Rigar gado ta zama tsumma biyu, Malam kuma ya tsaya gaban matan gari daga shi sai singileti da wando.

Ta biyu Kuluwa ce, malamar jinya a ƙaramin asibitin garin, wadda ta yi monita shekara uku a hannun Malam. Ita ba rigar ta duba ba, hannuwansa ta duba. Ta ga sun yi jawur da gashin karara, ga shi hawaye sun cika masa ido, yana shirin kai hannu ya murtsuke. Ta fizgo igiyar ƙararrawar makaranta, wadda Malam da kansa ya ɗaura shekarun baya, ta murɗe hannuwansa ta baya ta ɗaure tamau, yadda ake yi wa ɓarawon da aka kama a kasuwa. Da ya yi yunƙuri ta daka masa tsawa da irin muryarsa ta aji: "Tsaya cik! Na ce kar ka motsa!" Kuma ya tsaya.

Na uku Nomau ɗan garuwa ne, wanda ya bar makaranta a aji uku. Ya turo kurarsa da jarka goma sha biyu domin masu dafa abincin biki. Shi ya san cewa an cire riga, an ɗaure hannu, amma abin da ke jiki yana nan yana ci. Ya sunkuci Malam ya zaunar da shi a kan bencin 'yan aji ɗaya, ya karɓo sabulun salo da soson buhu a wurin masu girki, ya shiga kwarara masa ruwa. Jarka takwas ya juye masa a cikin sanyin Disamba, yana cuɗa shi yana lallashi kamar mai wankin jaki: "Haƙuri, tsoho. Saura hammata. Yauwa, sunkuya." Kafin jarka ta tara, wutar ta lafa.

Aka lulluɓa wa Malam zanen tebur aka kai shi gida. Kwana tara ya yi jikinsa ruɗu-ruɗu, wuya da baya duk sun yi taswira. Inna Yalwa na shafa masa farin maganin da Kuluwa ta aiko, tana tsare shi kada ya sosa. Ƙaiƙayin fata ya tafi a hankali, na zuci ya ƙi. Masu wayoyi sun ɗauki abin tun daga shafi na biyu har jarka ta takwas. A majalisar mai shayi, in mutum ya sosa ƙeya, sai a ce masa, "Kai ma ka kai shafi na uku?"

Ranar da wannan magana ta iso kunnen Malam, ya yi rantsuwa cewa ba zai ƙara ƙetare ƙofar zaurensa ba sai wanda ya tozarta shi ya tsaya a filin nan, da lasifikar nan, ya ba shi haƙuri gaban jama'a. Liman ya aiko cewa ya yi kaffara ya fito. Malam ya ce kaffara tana warware rantsuwa, amma ba ta ɗinke riga.

Sai dai akwai ɗaya maganar. Ya yi alkawarin lambu, duk gari ya ji, shi kuwa bai taɓa faɗa ya janye ba. Ke nan mutum biyu yake nema a cikin ukun nan: wanda zai miƙa wa makullin lambu, da wanda zai ba shi haƙuri. A rana ta goma ya aika aka kira su zaure. Ya zauna da takarda da jan biro, ya ja layi ya raba ta biyu, ya rubuta Godiya a dama, Laifi a hagu.

"Ilu, wa ya ba ka izinin yanka rigar yayana?"

"Allah ya gafarta Malam, da na tsaya ɗaga hannu neman izini, da yanzu da sanda ake ja maka gora. Ba don na cire rigar ba, ruwan Nomau ai ƙara cusa maka abin zai yi."

Malam ya ba shi goma a Godiya. Ya tuna aska takwas, ya tuna singileti, ya ba shi goma a Laifi.

"Kuluwa, ni kika ɗaure? Ni kika yi wa tsawa?"

"Baba Malam, kai ka koya mini. Riga ana ɗinka wata, jiki ana wanke shi, ido fa? Da hannun nan ya kai, da wuƙar Ilu da ruwan Nomau duk aikin banza ne."

Malam ya ba ta goma a dama. Ya dubi sawun igiya a wuyan hannunsa, ya ba ta goma a hagu.

"Kai kuma Nomau, ka ga na yi kama da jaki?"

"A'a wallahi, Malam, jaki ba ya tsayawa haka." Ilu ya tuntsure da dariya, Kuluwa ta harare shi. Nomau ya ci gaba: "Su fa sun tuɓe ka sun ɗaure ka ne kawai, Malam. Da ban zo ba, da har yanzu kana can a ɗaure kana ihu."

Goma a nan, goma a can.

Malam ya zuba wa takardar ido. Ya sake lissafi daga ƙasa zuwa sama, abin bai sauya ba. Ya ce zai duba kyan rubutu, sai ya tuna Nomau ba ya rubutu. Ya ce su nuna farce, sai ya ga na mahauci da na ɗan garuwa ba abin da za a kafa hujja da shi ba ne. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, duk inda ya ƙara wa mutum maki ɗaya a Godiya, dole ya ƙara masa a Laifi, domin aikin da ya cece shi, shi ne dai aikin da ya tozarta shi. In haka ne, wanda ya fi cancantar lambun shi ne ya fi cancantar durƙuso. To, da wanne za a fara? Ya miƙa makulli ga mutumin da yake fushi da shi, ko ya karɓi haƙuri daga mutumin da yake wa godiya?

Su ma ba su sauƙaƙa masa ba. Ilu ya ce, "Ni dai a ba ni lambun, in ba da haƙuri sau uku, har da waƙa." Malam ya ce haƙuri ba tsire ba ne da za a yi cinikinsa. Kuluwa ta ce ita ba ta son lambu, ba ta kuma ba da haƙuri, kuma gobe in ya sake kai hannu ido za ta sake ɗaure shi. Nomau ya ce, "Ni zan bayar, Malam, ko yanzu ma. Sai dai a gaya mini abin da na yi." Malam ya ce ba ya karɓar amsar da mai ita bai fahimce ta ba, wannan satar amsa ce.

Inna Yalwa, da ta kawo musu ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ita kararar maki nawa ta ci? Da wanda ya hana a sare ta?"

"Wannan ba ya cikin ajanda," in ji Malam.

Aka tashi ba a yanke komai ba. Yau kwana ashirin da uku ke nan da wannan zama. Malam bai fita ba, ba wanda ya buɗe lambu, domin makullin na aljihunsa kuma bai san na wane ne ba. Ba a yi ban ruwa ba, lemo ya nuna yana zuba ƙasa, ganye ya fara naɗewa. Karara ce kaɗai ke cikin ƙoshin lafiya.

A ƙofar zaurensa kuwa ya manna takarda da kyakkyawan rubutunsa na allo, duk mai wucewa yana karantawa: "Ni, Maikano, hedimasta mai ritaya, ina neman a ba ni haƙuri a bainar jama'a, a filin makaranta, da lasifika, ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata, a kan abin da aka yi mini ranar goma sha huɗu ga Disamba. Wanda zai ba da haƙurin shi ne:" Daga nan sai layi, ba suna. A ƙasa ya ƙara: "Wanda zai karɓi makullin lambu shi ne:" Nan ma layi ne, ba suna. Kullum da hantsi sai ya leƙo da jan bironsa, ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya koma ciki.

To, jama'a, ga biron a hannunku, kuma ku tuna Malam ba ya yarda mutum biyu su zo na ɗaya. Tsakanin mai wuƙa, da mai igiya, da mai ruwa, sunan wa za a rubuta a layin haƙuri, sunan wa kuma a layin lambu?