Hular Da Ta Rufe Fitilar Giya

Akwai wani magidanci a unguwar Thamesmead, can ƙasar Turawa, mai suna Masawudu. Mutum ne mai son a ce ya iya. Ko abin da bai taɓa gani ba ka tambaye shi, bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba".

Da lokacin zafi ya shigo, surukinsa Alhaji Maje ya zo daga Kano ganin 'yarsa Nimatu. Tun a filin jirgi Masawudu ya ɗauki alkawarin kai shi tsaunukan Wales a karaban, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Ya kama hayar wadda ta fi kowacce girma, sannan ya tuna ƙaramar motarsa ko ƙugiyar ja ba ta da ita.

Maƙwabciyarsu Kachollom, 'yar Jos, tana da jif mai ƙugiya. Da ita take kai mijinta Dalyop asibiti wankin ƙoda, tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Kekensa na guragu a bayan motar yake shiga.

Masawudu ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, yana ta murmushi.

Kachollom ta daɗe tana juya makullin a hannunta. Ta ce, "Malam Masawudu, don Nimatu zan ba ka. Amma ka ji ni. Ran Litinin da safe Dalyop yana da wanki. Sannan motar nan otomatik ce, ba mu sa mata ƙaramin lagireton da ke sanyaya man giya ba, don ƙaramar tirela kawai muke ja da ita. Ka duba nauyin da aka rubuta a jikin ƙofa, kar ka wuce shi. Kaya masu nauyi ka sa su a ƙasa, daidai kan taya. In fitilar giya ta kawo, ka tsaya ta huce."

"Haba Anti! Ni da na yi Kano zuwa Legas da mota ba burki?"

"To ita wannan da burkinta. Ka dawo min da ita haka."

Jama'a, ku zo ku ga lodi. Buhun shinkafa, jarkar manja, tukunyar gas, katan-katan na ruwa, kuloli cike da dambun nama da soyayyun kaji, babbar darduma, har da turmi. Duk ya jibge su can ƙarshen karaban, wai nan ne da fili. Rubutun jikin ƙofa kuwa ko kallo bai ishe shi ba.

Nimatu ta riƙe haɓa. "Wai garin da za mu babu shaguna ne?"

"So kike Baba ya ci gwangwanin wake da burodin Turawa? Ina raye?"

Suka kama hanya, Alhaji a gaba, Nimatu a baya. Duk babbar motar da ta wuce su sai karaban ta riƙa kaɗa gindi dama da hagu, jif ɗin na binta. Haka nauyin baya yake yi, yana ɗage gaban karaban daga kan ƙugiya. Masawudu ya ce iska ce.

Alhaji kuwa yabo kawai yake. "Kai, Masawudu, ashe kai direba ne na gaske."

Kan mutumin ya ƙara kumbura.

Da suka shiga tsaunuka motar ta fara nishi. Ta sa wannan giya, ta cire, ta koma waccan. Duk wannan kai-komo zafi yake haifarwa, man giya kuma iyakarsa ke nan, in ya tafasa ya daina aiki. Abin da ake yi mai sauƙi ne: ka rage gudu, ka riƙe ta a ƙaramar giya, in ta yi kuka ka tsaya. Masawudu sai ya ƙara taka mai.

Fitila ruwan lemo ta kawo a gabansa.

Alhaji ya leƙo. "Wannan fitilar fa?"

"Ba komai Baba. Motocin Turawa ne, tsoro ya yi musu yawa."

Sai ya cire hularsa kamar zafi ya dame shi, ya kifa ta daidai kan fitilar. Ku duba ƙazantar tunani. Mota tana faɗa maka ba ta da lafiya, motar da marar lafiya ke jira, kai kuma ka rufe mata baki don kar suruki ya ce ba ka iya ba.

Ba a jima ba wani ƙauri ya cika motar, mai ɗaci, mai tayar da zuciya. Nimatu ta toshe hanci da mayafi. "Wani abu na ƙonewa fa."

"Kajinki ne. Tun a gida na ce kin bar su a wuta."

"Kajin da ke cikin karaban?"

Alhaji ya duba rana ya ce, "Ga fili can, mu tsaya mu yi azahar."

Allah ya kawo masa hanyar tsira har cikin mota. Da ya tsaya, da kafin a yi alwala a idar da salla giyar ta huce, babu wanda zai san komai. Amma yana tsoron in ya tsaya motar ta ƙi tashi a gaban Alhaji.

"Baba ai matafiya ne mu. Sai mu haɗa da la'asar in mun isa."

Har addini ya jawo ya yi murfi da shi.

A tsakiyar wani hawa mai tsawo injin ya yi ƙara, amma motar ta daina gaba. Sai ta fara sulalewa baya, karaban na janta. Nimatu ta ƙwalla salati. Da ƙyar Masawudu ya danne burki. Suka fito. Man giya, wanda asalinsa ja ne, yana ɗiga kan kwalta baƙi ƙirin, yana hayaƙi.

Suna jiran janwe ya kira Kachollom. Ya ɗan juya baya, ya sassauta murya.

"Anti, gaskiya ba ki kyauta ba. Motar nan dama da ciwonta kika ba ni. Ko fitila ɗaya ba ta nuna min ba, kawai ta mutu. Kin kusa hallaka min suruki."

Sai muryarta ta fito a hankali, "Litinin fa? Da me zan kai shi?"

Alhaji Maje ya miƙo hannu. "Ba ni wayar."

"Baba, ai na..."

"Na ce ba ni."

Ya kara a kunne. "Baiwar Allah, ni ne mahaifin Nimatu. Motarki lafiyarta ƙalau aka karɓa. Ta nuna fitila, da idona na gani, ya rufe ta da hula. Ni ma na yi shiru don kar in kunyata shi, ban san da ita ake kai marar lafiya asibiti ba sai yanzu da Nimatu ta faɗa min. Ki yafe mana. Gyara yana wuyansa, kai maigidanki asibiti ma yana wuyansa."

Ya mayar masa da wayar ba tare da ya kalle shi ba. Da janwe ya zo, Alhaji ya zauna kusa da direban, Bature, wanda ba sa jin yaren juna. Ya fi masa.

Gareji suka ce giyar ta ƙone, sai an sauya ta gaba ɗaya, kuma sai an jira kaya.

Ran Litinin da safe ana yayyafi. Masawudu ya tura keken Dalyop zuwa tashar bas, Kachollom na biye da lema. Bas ta farko ta zo, wurin keke a cike, ta wuce. Ta biyu ma haka. Ƙafafun Dalyop sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa na fita da ƙyar. Kafin su isa asibiti an ba wani gadonsa, aka ce su jira na yamma.

Suna zaune a barandar jira, ruwa na ɗiga daga rigar Masawudu, Dalyop ya juyo da kansa a hankali. Babu fushi a fuskarsa.

"Malam Masawudu, yaya Wales ɗin? An ce wurin da kyau. Mun so zuwa kafin ciwon nan."

Masawudu ya sunkuyar da kai. A karon farko a rayuwarsa ya ce, "Ban sani ba."

Darasi: Abin aro amana ne, kuma sau da yawa ran wani yana rataye da shi. Kafin ka ja kaya da mota ka san nauyin da take iya ɗauka, ka daidaita lodi, in ta yi gargaɗi ka tsaya ko da sarki ne a gefenka. Kunyar tsayawa a gefen titi ƙarama ce a kan kunyar wanda aka kama da ƙarya. Ku tura wa duk wani "na iya" da kuka sani kafin ya karɓi makullin wani.