Hatimin da ke Cikin Jakar Tanimu

A garin Kwarin Dinya an yi wani Sarkin Dukawa mai suna Barau, mutum mai hannu a aikin fata, mai kuma taurin kai da ko almakashinsa ba ya yanka shi. Shekara goma sha ɗaya ƙungiyarsu tana da shafin intanet, kuma duk jaka ko takalmin da suka ɗinka sai an buga masa adireshin shafin da hatimin ƙarfe daga ciki. Adireshin yana ƙarewa da wutsiya mai gaɓa biyu, wato .com.ng. Ƙanen Barau, Tanimu, shi ya yi rajistar sunan da hannunsa. Daga baya suka yi faɗa, Tanimu ya rataya jaka guda ya bar gari. Shekara tara ke nan. A tsakani an tashi tsohuwar kasuwa, Barau ya sauya gida, ya sauya lambar waya har sau biyu. In Tanimu zai nemi gida yau, abin da ya rage masa shi ne rubutun da ke cikin jakar nan.

Wata Laraba da hantsi Malama Asabe, magatakardar ƙungiya, ta zo ta ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ana iya samun suna mai gajeriyar wutsiya, .ng kawai. Ya fi sauƙin faɗa a rediyo, ya fi sauƙin riƙewa. Wa'adin tsohon kuma jibi Juma'a zai cika. In sabunta shi mu haɗa biyu?"

Barau ya ce, "Ɗauko mana gajeren. Tsohon kuwa a bar shi ya mutu, ya ishe ni."

Asabe ta dubi fuskarsa, ta fita.

To, Barau yana kiwon tantabaru, a cikinsu akwai wata tsohuwa mai ido ɗaya da ake kira Goggo. Ita kaɗai ce take masa magana, kuma ba ta iya sassauta harshe ba. Da ya zo watsa musu gero sai ta sauko kan bakin tukunya ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na ji an ce za a yanke wa suna wutsiya. Ni dai tambaya gare ni, don ban yi boko ba. Wanda ya zo ta tsohon suna bayan Juma'a, me zai tarar?"

Barau ya ce, "Ba abin da zai tarar."

"Ko kuwa ya tarar da wani ya shige ciki?"

Barau ya tsaya da ƙwarya a hannu. Bai taɓa tunanin haka ba, abin kuma ya ba shi sha'awar sani. Ya ce, "Ana yin haka ne?"

Goggo ta ce, "Asabe za ka tambaya. Ni abin da na sani shi ne labarin Mati mai fito, da turken da ya tumɓuke."

Barau ya jawo turmi ya kife ya zauna. "Wane ne kuma Mati?"

Goggo ta ce:

A bakin wani kogi an yi wani mai kwalekwale, Mati, wanda ya gaji fito daga ubansa. Mafitarsu tana gindin wani gawo, inda kogin ya fi faɗi, kafin a haye sai kafaɗa ta yi tsami. Wata shekara Mati ya gano wani wuri can sama inda ruwa ya tsuke, tuƙi kaɗan an kai gaci. Ya koma can, mutanen gari suka yi ta sa masa albarka, don gaskiya sabon wurin ya fi. Sai ya ce bari ya je ya tumɓuke turken da ake ɗaure jirgi a gindin gawo, kada ma a riƙa tunawa da wahala.

Yana cikin girgiza turken sai ga Tabawa mai daddawa, wata tsohuwa da yake hayarwa duk ranar kasuwa. Ta ce, "Ɗan nan, me turke ya yi maka? Dakata in gaya maka yadda aka zo mini ta'aziyyar kaina."

Mati ya saki turke ya ce, "Ta'aziyyar kanki, Iya? Ina ji."

Tabawa ta ce, "Da ƙuruciyata tallata doguwa ce. Cewa nake, 'Ga daddawar kalwa mai ƙamshi, ta gidan Tabawa, a fito a saya!' Kafin in gama lungu biyu maƙogwaro ya bushe. Ran nan na ce wa ya aike ni, na koma cewa 'Daddawa!' kawai. Wallahi sai na ga ina zagaye unguwa huɗu kafin azahar. Amma akwai wata makauniya, Kande, a lungun masu tabarma, wadda ba ta sayen ta kowa sai tawa. Ita ba ta san fuskata ba, doguwar tallar nan ita ce ni a wurinta. Masu cewa 'Daddawa!' kuwa mun fi goma. Kullum ina wuce ƙofarta ban ji ta kira ba, na ce a raina to, ta sami wata, na yi fushi na ɗauke kai. Ita kuma tana ciki tana kasa kunne, wata guda ba ta ji ni ba. Sai ga ta ran nan an jawo ta da sanda har gidanmu, da ɗan geronta a ƙwarya, tana kuka tana cewa Allah ya ji ƙan Tabawa. Ni na shimfiɗa mata tabarma! Daga ranar ko'ina gajeriyar nake yi, amma in na shigo lungun masu tabarma sai in saki doguwar har ƙarshenta. Gajeriyar ta masu ganina ce, Mati. Ka bar wa wanda ba ya nan turkensa."

Mati ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Iya, kowa a garin nan ya san inda na koma." Ya tumɓuke turke ya jefa a ruwa.

Kowa a garin ya sani kuwa. Amma akwai Ardo Buba, amininsa, wanda ya tafi kiwo kudu tun kaka, ba ya dawowa sai ruwa ya sauka. Ardo ya iso gindin gawo da iyalinsa, ba jirgi, ba turke, ba ko sawun mutum. Kwana biyu yana tsaye yana ƙwalla kiran Mati. A na uku wani da ya ga wuri ba mai shi ya kawo ruɓaɓɓen jirginsa ya ce Mati ne ya aiko shi. A tsakiyar kogi jirgin ya sha ruwa ya nutse, da ƙyar aka fito da rai, kaya duk suka tafi. Ardo ya ce ashe haka Mati ya zama, ya sauya hanya, bai sake biyowa ta nan ba. Sai bayan shekaru Mati ya ji labari a bakin wani mai sayar da nono, ya zauna ya yi kuka kamar yaro.

Goggo ta karkata idonta guda ta ce, "Sabuwar mafita ba ta da laifi, Sarki. Na garin duk sun ji sanarwa. Wanda ya yi nisa ne ba a gaya wa ba."

Barau ya ce, "Masu sayen kayanmu za su ji a rediyo."

"Za su ji. Rediyon yana kaiwa inda Tanimu yake?"

Ran Barau ya ɓaci. "Wa ya kawo zancen Tanimu?"

"Kai ka kawo shi. Suna bai taɓa isar mutum ba sai in yana tuna masa da wani. Mu tantabaru, in aka kai mu nesa, tukunyar da muka sani muke nufa. In mun tarar an fasa ta, mukan yi shawagi sau biyu, uku, mu wuce. Ba ma tambayar maƙwabta."

Barau ya dubi ragowar geron da ke ƙwarya. Gaskiya ita ce yana kewar ƙanensa, kewar da ya shekara tara yana kiranta fushi. Ya aika aka kira Asabe.

Ya ce, "Malama, in an riƙe biyun, wanda ya zo ta tsohon ina zai faɗa?"

Ta ce, "Sai in haɗa su, ranka ya daɗe. Tsohon ya riƙa miƙa mutum kai tsaye zuwa sabon, shafi ɗaya ne ƙofa biyu."

"In kuma an sake shi, wani yana iya ɗauka?"

"Bayan ɗan lokaci, ƙwarai kuwa. Ya sa kayansa, ko ya amsa saƙo da sunanmu."

Barau ya share goshi. "To, a yi sabon hatimi da gajeren suna. Tsohon kuma ki sabunta shi yau, kada a jira Juma'a."

Asabe ta juya za ta tafi, ya sake kiranta, murya ƙasa-ƙasa.

"Saƙon da aka aiko ta tsohon adireshin, wa yake fara gani?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙa mata. "Sa ya riƙa shigowa nan. Ko wane lokaci ne."

Goggo ta sauka ta ci gaba da tsintar geronta.