Zanen Wuyan Tulun Goggo Tasalla

Ku gyara zama ku saurara da kyau, don in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

An yi wata tsohuwa maginiyar tukwane, Goggo Tasalla. Tana ƙaramar yarinya aka yi shekarar yunwa, uwarta ta damƙa ta ga wata mata cikin ayarin fatake don kada ta mutu a hannunta. Ta girma a nesa, ta yi aure, ta ga jikoki, amma sunan garinsu ya ɓace mata. Abu biyu kawai ta riƙe: rabin waƙar da uwarta ke yi in tana cuɗa yumɓu, da wani zane mai kama da ƙayar kifi da take yi a wuyan tulu, a danna babban yatsa a ƙarshensa. Da tsufa ya kama ta, hannu ya fara rawa, sai ta daina gini, ta rage cin abinci. Kullum maganarta ɗaya: "Ni dai in san inda aka binne cibiyata."

Tana da jikoki uku, Ladidi da Sallau da Tanko.

Ladidi ce kaɗai ta zauna ta koyi ginin. Ƙawayenta na yi mata dariya wai zamanin roba ya zo, ita kuwa tana durƙushe gaban kakarta, Goggo na riƙe da yatsunta tana nuna mata. Tukwanen Goggo duk sun farfashe, zanen bai saura ko'ina ba sai a hannun Ladidi. Da Sallau zai tafi jami'a, ta gina masa ƙaramin tulu don ya riƙa shan ruwan sanyi.

Sallau lissafi yake karantawa, amma ba ya fashin taron ƙara wa juna sani da masu binciken kayan tarihi ke yi. Wata rana wata malama ta nuna hotunan tsingaron da suka tono a wani kufai a Tsaunin Maraki. Ta ce zanen da ke jikinsu ya daɗe ƙwarai, a wannan yankin kaɗai aka same shi, kuma yanzu babu mai yin sa. Sallau ya miƙe.

"Malama, a yi mini uzuri. Akwai mai yi. Tulun yana ɗakina."

Ya ruga ya ɗauko. Malamar ta daɗe tana shafa wuyan tulun, sannan ta kwatanta masa hanya, ta ce akwai 'yan gidaje da suka saura a bayan tsaunin. Sallau ya kawo labarin gida.

Tanko direba ne, bai san boko ba, bai san yumɓu ba. Dangi suka ce tsohuwa ba za ta jure tafiyar ba. Shi ya shimfiɗa mata katifa a motarsa, yana tafiya a hankali, yana tsayawa yana dama mata fura. Inda hanyar mota ta ƙare ya goya ta, ya ƙetare rafi ruwa har ƙirji, ya hau duwatsu ƙafarsa na jini. Ta ce, "Sauke ni, ɗan nan, ka huta." Ya ce, "Goggo, ai ke ma kin goya ni."

A ƙofar wani gida suka tarar da wata tsohuwa makauniya tana shan hantsi, sunanta Yalwa. Bayan gaisuwa sai Goggo ta fara rera waƙar nan. Inda ta tsaya, makauniyar ta ɗauka ta ƙarasa. Ta miƙa hannu tana laluben fuskar Goggo.

"Tasalla? Inna ta jira ki har ranar da ta rasu."

Ashe yayar Goggo ce. Ran nan Goggo ta ci tuwo har da neman ƙari. Ta yi damina ɗaya a wurin, ta rasu a ɗakin da aka haife ta, aka binne ta kusa da uwarta.

Bayan sadakar bakwai, Yalwa ta kira jikokin uku. Ta zare wata munduwar tagulla daga hannunta, ta ce ta uwarsu ce ita da Goggo, kuma ba ta rabuwa uku. "Wanda ya dawo mini da ƙanwata, shi ya karɓa." Ladidi ta dubi Sallau, Sallau ya dubi Tanko, Tanko ya sunkuyar da kai. Hannun tsohuwa na miƙe, ba wanda ya motsa.

To, jama'a, wadda ta riƙe zanen, ko wanda ya gane shi, ko wanda ya goya ta har gida: a hannun wa za mu sa munduwar nan?