Makulli Ɗaya a Aljihun Mai Unguwa Barau

Ku gyara zama. Kai mai danna waya, sa ta a aljihu. Yau rigima na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya tofa albarkacin bakinsa.

A unguwar Kwarin Maje akwai wani fili tsakanin Tudu da Gangare, inda ake ɗaure tumaki. Wata rana da rani sai ga mutanen wani kamfani da igiyar awo da turaku, wai gidaje sittin za a gina, da titi da famfo. Shi ke nan unguwa ta ɗauki zafi. Mutanen Tudu suka ce ci gaba ya zo. Mutanen Gangare suka ce hankalinsu bai kwanta ba, amma in ka tambayi dalili sai kame-kame. Zama uku aka yi a ƙofar gidan Mai Unguwa Barau, duk aka tashi baram-baram. Har ta kai wa da ƙani sun daina gaisawa a masallaci.

Abin da ke ba ni haushi, wurin nan ba fili ba ne, kududdufi ne. Su da kansu suka shekara talatin suna zuba masa shara har ya cika, ciyawa ta rufe shi, suka manta. Duk damina nan ruwan unguwa yake taruwa ya nutse. In aka daɓe shi da siminti, to sai cikin ɗakunan Gangare.

Mutum uku ne suka hana haka.

Na farko Baba Kallamu, tsohon maginin ƙasa, kunne ya yi nauyi, baya ya ranƙwafa. Ya miƙe a taro ya ce, "Da hannuna na haƙa ramin nan. Rabin gidajenku daga cikinsa na yi tubalinsu." Aka kwashe da dariya, aka ce tsufa ne. Washegari da hantsi ya jawo rodi mai tsawon gaba uku, ya kafa a tsakiyar filin, ya danna. Rodi ya shige kamar cikin tuwo. Da ya zaro shi, sai baƙin taɓo da tsumman leda. Masu dariyar nan kowa ya kama kallon takalminsa.

Ta biyu Malama Kubura, mai koyar da lissafi a firamare, tana haya a Gangare da marayunta huɗu. An manna taswirar ginin a zauren Mai Unguwa, maza suna ta kallonta kamar hoton kalanda. Ita ce ta tsaya ta karanta, ta ga bakin kowace kwata Gangare ya fuskanta. Da yake mata ba sa zama a taron ƙofar gida, sai ta riƙa bin gidajen suna da na biki, tana zana abin a ƙasa da gawayi har kowace ta gane. Ta rubuta takardar ƙorafi, mata ɗari biyu suka dangwala yatsa, dole hukuma ta ce za ta turo injiniya ya duba. Mai gidan da take haya kuwa ɗan goyon bayan kamfani ne. Ya aiko mata cewa, "Malama, ki nemi wani wurin kafin ƙarshen wata."

Na uku Ɗan'azumi, direban kamfanin, ɗan Tudu. Wallahi duk unguwar ba wanda ya kai shi ɗaga murya a kan sai an yi ginin. To, amma ya ga rodin Baba Kallamu da idonsa, abin ya tsaya masa a rai. Ranar da injiniya ya zo, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Manajan kamfani ya ja Ɗan'azumi gefe ya ce, "Ka bi da injiniyan nan ta titin sama, ya leƙa daga mota ku dawo." Ɗan'azumi ya ce to. Yana fita ya karya kan mota zuwa Gangare, ya kashe ta, ya ce, "Ranka ya daɗe, daga nan sai dai mu taka." Injiniya ya naɗe wando, ya shiga ruwa har gwiwa, ya ga yadda kowane lungu yake juye ruwansa cikin filin. Kafin la'asar an kori Ɗan'azumi, an karɓe ɗakin da kamfani ya ba shi, ga matarsa da tsohon ciki.

Aka canza taswira. Aka gina gidaje arba'in a ɓangaren tudu, aka yashe kududdufi aka bar wa ruwa wurinsa. Gangare ta tsira. Sai dai ruwan ranar da injiniya ya zo shi ya kayar da ɗakin Baba Kallamu, yanzu a zauren mutane yake kwana.

Don a shirya, kamfani ya ware gida ɗaya, ciki biyu da falo, ya miƙa wa Mai Unguwa makulli ya ce a ba wanda ya ceci unguwa. Nan fa sabuwar rigima ta tashi. Wasu suka ce ba don Baba ba, wa ya san akwai rami? Mata suka ce rodi ba ya kiran hukuma, takarda ce ta kira ta. Samari suka ce takardar da ta ƙare a leƙe daga mota, ba don Ɗan'azumi ya sadaukar da hanyar abincinsa ba.

Su ukun ba wanda ya buɗe baki ya roƙa, kuma wannan ya fi komai ba ni tausayi. Kwana arba'in ke nan makullin yana aljihun Barau, ya rame, ko tuwo ba ya iya gamawa. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, uku duk ba su da rufin kansu.

To, ga makulli na ajiye a gabanku. Tsohon da ya tuna, ko matar da ta karanta, ko direban da ya juya kan mota: wa za ku ba, kuma wane biyu za ku kalli idonsu ku ce su kwana a ruwa?